Ɓarawo Mai Tsaraba

Ranar Juma'a a Wudil ɗan sanda ba ya zama. Kasuwa ke ci, daga kara har bakin gada ba masaka tsinke, ga 'yan yankan aljihu, ga rigimar dillalan shanu. Insifeta Rahinatu ta wuni a tsaye, sai bayan la'asar ta samu ta zauna a ofis ta zare takalmi. Ko ruwa ba ta kai baki ba ta ji wani yana dukan kantar ofis yana neman DPO.

Wani matashi ne cikin shadda mai maiƙo, da waya biyu a hannu. Sunansa Mudassir, shi ne mai magana da yawun Alhaji Muhyiddeen, ɗan takarar majalisar jiha. DPO ya saurare shi a tsaye, sannan ya turo shi wurin Rahinatu, don ya san ta fi shi haƙuri da 'yan siyasa.

Rahoton da ya kawo shi ne an sace kwali huɗu na littattafai daga gidan Malam Hashimu. Alhaji ne ya ɗauki nauyin buga su, kuma Asabar ta sama za a ƙaddamar. Ya ƙara da cewa ba sai an wahala ba, 'yan hamayya ne, a je a kwaso su kawai.

"Ka gan su da idonka?" in ji Rahinatu.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ba ya bukatar gani."

"To, mu a nan muna bukata."

Ta mayar da takalminta, ta kira Saje Ɗantani ya fito da mota. Ba don Mudassir ta yi saurin tashi ba, sunan Malam Hashimu ne ya tashe ta.

Duk wanda ya girma a ƙasar Wudil ya san wannan suna. Tsohon malamin firamare ne, marubucin waƙoƙi, wanda ya shekara arba'in yana caccakar 'yan siyasa ba tare da ya ware jam'iyya ba. An taɓa kulle shi, an taɓa cilla shi makarantar ƙauye mai nisa, bai daina ba. Mahaifin Rahinatu yakan ƙure rediyo in an sa waƙarsa, ya hana kowa tari a gidan. Tun ba ta san ma'anar ƙuri'a ba ta haddace baitocinsa, kuma har yau in tana wanki su ne ke zuwa bakinta.

Shi ya sa da hotunan ƙaddamarwar suka cika gari, fuskar Malam gefe da ta Alhaji, abin ya tsaya mata a rai. Ta dai yi shiru ne, don kaki ba ya ba mutum damar faɗin ra'ayi.

Sun tarar da Malam a zaure, zaune a kan buzu, hannuwansa bisa gwiwa. Ya rame fiye da yadda ta zata, kuma idanunsa sun yi fari da yana. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyayenta, ya yi wa mahaifinta addu'a da ta ce ya rasu. Sai da aka gama wannan ta buɗe maganar da ta kawo ta.

Ya ce da safe 'yarsa Khaulat ta kai shi asibitin ido a Kano. Da suka dawo ya shiga ɗakin karatunsa, wanda ƙofarsa ke cikin zauren, ya miƙa hannu inda kwalayen suke, sai hannun ya faɗa iska. Tun da aka kawo su, in ji shi, ba ya shiga ko fita sai ya shafa su.

"Waƙoƙina ne duka, 'yata. Ban taɓa ganinsu a wuri ɗaya ba sai wannan karon, shi ma da hannu na gan su."

Rahinatu ta duƙa ta duba kwaɗon ƙofar. Ba a fasa shi ba, ba a ko karce shi ba. Malam ya ce a kulle ya same shi, makullin kuma yana inda yake zama tun da aka gina ɗakin, cikin wata tsaga a saman ƙofa.

A ciki komai na nan. Rediyo na kan taga, ga sabuwar fitila mai caji, ga agogon hannu a kan tebur. Abin da ya tsayar da ita shi ne Alƙur'ani da carbi da ta gani a can saman kantar littattafai, an shimfiɗa musu hula a ƙarƙashi.

"Baba, a nan kake ajiye Alƙur'aninka?"

"A'a. A kan kwalayen na bar shi. Hannuna ma ba ya kaiwa can."

Saje Ɗantani ya dafe haɓa. Ya ce shi dai tun da ya shiga aikin nan bai taɓa ganin ɓarawon da ya shigo da alwala ba.

Rahinatu ta tambayi su wa suka san maɓoyar makullin. Malam ya lissafa matarsa Talatu, da Khaulat, ya ɗan yi jim, ya ce sai Isyaku. Ba sai an gaya mata wane ne Isyaku ba. Manomi ne a Indabo, kuma shi ne mai amshin Malam tun suna samari: Malam ya ja baiti, Isyaku ya karɓa. Da muryar Malam ta dishe da tsufa, Isyaku ne ya ci gaba da rera waƙoƙin a rediyo da wuraren taro.

"Amma cire shi a lissafi," in ji Malam. "Kowace Juma'a yakan zo mu ci abinci tare. Tun da hotunan nan suka fito ya ɗauke ƙafa."

Ya faɗi haka yana murza gefen buzu.

Washegari ta kira Mudassir ya ba da bayani a rubuce. Ya zo da zafinsa, ya ce Alhaji bai yi barci ba, don littafin nan ya shiga ransa, har ya kusa haddace shi.

"Madalla. Mene ne sunan waƙa ta biyu a ciki?"

Mudassir ya duba waya ta farko, ya duba ta biyu, babu wadda ta cece shi. Daga ƙarshe ya yi dariyar kunya, ya amsa cewa daga shi har Alhaji ba wanda ya buɗe littafin. Nasu biyu ne a ciki, in ji shi: hoton Alhaji a bangon baya, da waƙar da ke shafin farko.

"Wace waƙa?"

"Ta yabon Alhaji. Sharaɗin bugawar ke nan. Kin san Malam bai taɓa yabon ɗan siyasa ba, to in aka ji shi ya yabi mutum, ai zaɓe ya ƙare."

Ya ce waƙar sirri ce, Malam da kansa ya roƙi kada kowa ya ji ta sai ranar taro. Daga hannunsa ta tafi maɗaba'a a Kano, daga can ta dawo cikin kwalaye a liƙe.

Rahinatu ta rubuta wannan, ta ja masa layi. Ta sallami Mudassir da gargaɗin kada yaransa su taɓa kowa kafin ta gama.

Da yamma Saje ya kawo mata Al-Amin, shugaban matasan ɗaya jam'iyyar. Da farko ya rantse yana Kano ranar Juma'a. Da aka tuna masa cewa Saje da kansa ya gan shi a kara yana cinikin bijimi, sai ya ce to, Kanon da yamma ya je. Ƙarya dai ta zame masa jiki, ko babu dalili sai ya yi ta.

Amma da ta zo kan littattafai, sai ya gyara zama ya yi magana kamar mai hankali.

"Ranki ya daɗe, da mu muka ɗauka, da tuni kin gan su a waya suna ci da wuta a kan gada. Mu da muke neman baiti ɗaya na waƙar nan don mawaƙinmu ya yi martani, har Kano muka aika, ba mu samu ba."

Ta yarda da shi, ba don gaskiyarsa ba, sai don ta san halinsu. 'Yan jagaliya ba sa neman makulli, balle su kulle ƙofa in sun gama.

Ranar Lahadi ta koma gidan Malam. Ta bar Saje a zaure ta shiga cikin gida, abin da ya sa DPO ke yawan ba ta irin wannan aiki. Inna Talatu na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce baƙo ba ya tashi haka nan, ta sa Khaulat ta kawo dafaffen ƙwan zabi da yaji.

Rahinatu ta tambaye ta ranar Juma'a. Inna ta ce ita tana ciki tun safe, ba ta ji motsin kowa ba, kuma ba ta leƙa waje ba sai da Malam ya dawo.

"Wannan ƙwai da daɗi yake, Inna. A ina kuka samo?"

"A kasuwa."

"Wa ya je kasuwar?"

Inna ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba. Khaulat ce, da ke shanya kaya, ta juyo da mamaki.

"Umma, ba na Baba Isyaku ba ne? Ai ƙwaryarsa ce wancan, mai ɗinki a baki."

Kallon da Inna ta yi mata ya isa ya dafa wani ƙwan. Khaulat ta kwashi sauran kayan ta shige ɗaki.

Rahinatu ba ta ɗaga murya ba. Ta matsa kusa, ta ce ba ta zo don ta tozarta kowa ba, amma in ba ta gano gaskiya ba kafin Asabar, yaran siyasa za su fasa wa juna kai a kan abin da ba su ji ba ba su gani ba. Inna ta ajiye faifan, ta yi ajiyar zuciya.

"Da hantsi na ji sallama a zaure, na amsa daga nan. Da na fita daga baya na tarar da ƙwarya a kan dakali. Ban ga fuskar kowa ba, kuma ba zan yi shaidar abin da ban gani ba."

"Muryar fa?"

"Kunnena ya tsufa, 'yar nan."

Rahinatu ta danne dariyarta. Tausayi ne ma ya fi yawa a ranta. Mutum ya zo sata gidan amininsa, amma kunya ta hana shi zuwa hannu rabbana.

Sai dai ƙwai ba hujja ba ne. Kowa na iya kawo tsaraba ya koma, wani ya zo bayansa ya yi ɓarna. Kuma ba ta da niyyar ɗaukar takardar bincike ta je ta birkice ɗakin dattijo a gaban jikokinsa a kan zato.

Ta fito zaure ta zauna gaban Malam, ta ce tana so ta ji waƙar yabon.

"Kin san me ya sa na ɓoye ta? Kunya. Ko Isyaku ban ba shi ba, shi da ban taɓa gama waƙa ban kai masa ba. Shekara arba'in ina yawo da takardu a jakar leda, masu bugawa suna ce mini waƙa ba ta kasuwa. Ido ya tafi, na ga saura ni. Yaron Alhajin nan ya zo ya ce za a buga duka, a ba Alhaji ta yabo guda ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski."

Sannan ya karanta mata, ba da rerawa ba, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin laifinsa a gaban alƙali. Rahinatu ta so a ce waƙar ba ta yi daɗi ba. Amma ta yi, har tsikar jikinta ta tashi, kuma kafin su isa ofis ta kama kanta tana maimaita baitin farko.

Ranar Litinin da hantsi suka kama hanyar Indabo. An yi ruwa, gero ya kai ƙugu, motar tana ta tsalle a kwazazzabai. A hanya ta gaya wa Saje ya bar ankwa a cikin mota, kuma in ta fara waƙa kada ya yi dariya. Ya ce ba zai iya alkawarin na biyun ba.

Sun sami Baba Isyaku a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, yana gyaran igiyar jaki. Dogo ne, ƙaƙƙarfa duk da furfura, muryarsa kuwa ko a gaisuwa sai ka ji ta cika wuri. Yatsunsa biyu na dama a naɗe suke da tsumma. Ya ce lauje ne.

Ya sa aka kawo fura. Da ta tambaye shi rabonsa da Wudil, ya ce an kwana biyu, aikin gona ya riƙe shi. Batun ƙwai kuwa, ya ce da wani ya aika, ya manta ko wane ne. Littafi bai gan shi ba, waƙar da ake magana bai ji ta ba, kuma ba ya son ji.

Duk wannan yana faɗa yana kallon igiya. Rahinatu ta lura mutumin bai iya ƙarya ba sam, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

Ta rufe fayil ta ajiye gefe, kamar aiki ya ƙare. Ta ce ita dai yau ta cika burinta, ta ga mai muryar da marigayi mahaifinta ke hana su tari saboda ita. Fuskar tsohon ta saki. Ta ce akwai wadda ta fi so, ko zai tuna ta? Ta gyara murya ta ja:

"Kafin zaɓe ya san ƙofar gidanmu,
Bayan zaɓe ya manta da unguwarmu."

Baba Isyaku bai san lokacin da ya saki igiyar ba. Ya lumshe ido ya karɓa:

"Talaka bawan Allah ne, ba naku ba."

Muryar na nan yadda take, har matan gida suka leƙo ta katanga. Rahinatu ta ja baiti na biyu, ya karɓa. Ta ja na uku, ta tsallaka wata waƙar ta taki da aka karkatar, ya bi ta. Ta koma ta rijiyar da aka buɗe sau uku ba ta taɓa ba da ruwa ba, ya karɓa yana dariya yana kaɗa kai. Saje Ɗantani, da ya ce zai yi dariya, shi ne ke buga cinya yana tayawa.

Ba ta tsaya ta huta ba, ta zarce da karin da suke kai:

"Kogin Wudil ba ya tambayar mai lambu,
Yakan ba mai rake, ya ba mai albasa."

"Muhyiddeen ruwa ne, ku zo ku sha, 'yan ƙasa."

Sai da amshin ya gama fita, cikakke, da jan murya a ƙarshe, sannan Baba Isyaku ya buɗe ido. Sabo turken wawa, mai amshi ba ya iya barin baiti a rataye.

"Baba," in ji Rahinatu a hankali, "a ina ka ji wannan?"

Ya dube ta, ya dubi Saje, sannan ya yi murmushin wanda aka kayar a kokawa da dabara.

"Allah ya jiƙan mahaifinki, ya haifi 'ya. Taso ki gani."

Ya kai su ɗakinsa. Kwalayen na kan gado, shi kuwa da alama a ƙasa yake kwana tun Juma'a, don ga tabarma da filo a gefe. Uku a buɗe suke, an jera littattafan a tsanake, na huɗun yana nan da liƙinsa. A kan kujera akwai fakitin reza da ya kusa ƙarewa.

Rahinatu ta ɗauki littafi ɗaya ta buɗe. An yanke ganye biyu na farko, yanka mai tsabta dab da ɗinki, wanda in ba ka sani ba ba za ka lura ba. Ta ɗauki wani, haka. Baba Isyaku ya nuna wani farin ƙyalle da ke rataye a jikin azara, ya ce ganyayen na ciki. Da sunan Allah aka buɗe waƙar, ba zai zubar ba, ba zai bari su taɓa ƙasa ba.

Ya zauna a bakin gado ya ba da labari ba tare da an matsa masa ba. Ya san Malam zai je asibiti. Ya zo da jaki ranar kasuwa, ranar da ba mai kallon jaki da kaya. Niyyarsa da farko ya ɓoye su ne har zaɓe ya wuce. Da ya iso gida sai zuciya ta ci shi, ya buɗe ɗaya ya karanta.

"Da waƙar banza ce, wallahi da na mayar masa da kayansa a ranar. A yi taro, a tafa, a manta. Amma kin ji ta. Sau biyu na karanta ta zauna mini, ni da nake ƙinta. Wannan in ta fita, yara za su yi ta a hanyar makaranta, mata za su yi ta a bakin turmi. Alhajin nan ko ya ci ko ya faɗi, shekara kaɗan ne a daina zancensa. Ita kuwa za ta zauna, kuma da ita za a tuna Hashimu. Sauran duka ta cinye su."

"Me ya hana ka gaya masa haka baki da baki?"

"In ce masa me? Kada ka riƙe littafinka kafin ka mutu? Ni na san jakar ledar nan, ni nake riƙe masa ita a mota." Ya share ido da bayan hannu. "Cewa na yi in cire masa ƙayar, in mayar da kayan kafin Asabar. Hoton bayan ma na bar wa Alhaji, tunda shi ya buga."

Rahinatu ta gaya masa gaskiya: an shigar da ƙara, dole ya bi ta caji ofis ya ba da bayani, abin da zai biyo baya kuma ya danganta da mai kayan. Ya ce ya sani. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ba iyalinsa sallahun jaki, sannan ya taya Saje loda kwalayen. Ƙyallen kuwa bai yarda kowa ya riƙe ba, a cinyarsa ya ɗora shi.

Ta ba shi gidan gaba, ita ta koma baya.

Da suka shigo Wudil ta sa Saje ya bi ta gidan Malam, don mai kaya ya shaida kayansa. Labari ya riga su, Mudassir na tsaye a ƙofar zaure da wayoyinsa. Da ya ji abin da aka yi wa shafin farko, sai ya hau faɗa. Ya ce wannan ɓarna ce, ba ƙaddamarwa ke nan, Alhaji ba zai taka wurin ba, kuma sai an kai tsohon nan kotu.

Malam ya miƙa hannu, Rahinatu ta sa masa littafi ɗaya. Ya buɗe, ya bi gindin yankan da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi. Ya juya ganye, ya tambayi wace waƙa ce yanzu a farko. Khaulat ta leƙa ta ce ta ƙofar gidanmu ce.

"Isyaku, kana nan?"

"Ina nan, Hashimu."

"Wadda ka cire, ta yi kyau?"

"Ta fi duka. Shi ya sa."

Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka girgiza. Rahinatu ba ta iya tantance kuka yake ko dariya ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Da ya ɗago, ya juya wajen da muryar Mudassir take.

"Yaro, da Alhaji ya aiko da kwalayen nan, kyauta ya ce ko ajiya?"

"Kyauta ya ce, Malam, amma ai..."

"To ka gaishe shi, ka ce na gode, kuma har in mutu ina gode masa. Askin ne dai ba zan iya ba. In ya fasa taro, ba komai. Dama can ba a taɓa ƙaddamar da mu ba, a gindin bishiya muka saba."

Mudassir ya fita yana danna waya. Daga bayan labulen cikin gida aka ji Inna Talatu ta ce alhamdu lillahi, da alama kunnen ya warke.

Rahinatu ta ce duk da haka sai Baba Isyaku ya je ofis, doka ce, kuma Malam, tunda shi ne mai kayan, zai aiko da takardar janye ƙara in yana so. Tsohon ya miƙe, ya ajiye ƙyallen a cinyar amininsa, ya bi Saje zuwa mota ba tare da an taɓa shi ba. Ita ma ta juya za ta fita, sai Malam ya kira ta.

"'Yata, ya gama da su duka?"

"Saura kwali ɗaya, Baba."

"To kada ku daɗe da shi. In ya gama ba da bayanin, ki dawo mini da shi da rezarsa. Ni ba na gani, kuma aikin bai ƙare ba."